Maganin Da Aka Gwada A Kaina

Yalwawa, Dutse.

Zuwa ga Malam Ƙarami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya sa tashin da za ka yi gobe zuwa Garki ya zama alheri, ya sanya albarka a makarantar da suka kira ka ka riƙe musu, ya tsare ku a hanya, ya tsare ku bayan kun sauka.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke, katanga ce kawai tsakanin sashena da naka, sai ga ƙanwarka ta miƙo maka takarda. To, ai ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari. Tun da aka yaye ka kakanninka suka ɗauke ka, a gaban kakanka Malam Babba ka tashi, sunansa ka ci. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zama da kai mun yi doguwar magana ba. In ka shigo gaishe ni kana kallon tabarma, ni ina kallon bango. Haka muka tarar ana yi, ban kuma ce laifi ba ne. Amma maganar da ke bakina yau ta fi ƙarfin "lafiya lau" da "Allah ya yi albarka." Bokon da na koya a ajin matan aure, da kuke yi mini dariyarsa, yau ya yi mini rana.

Maganar Zulai ce, matarka. Ba ta da lafiya, kuma ka sani.

Ranar Juma'a, bayan mun ci alale da manja, na same ta a bayan madafa ta jingina da bango. Ta danne ƙasan haƙarƙarinta na dama da hannu ɗaya, ɗayan tana laluben kafaɗarta da shi, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. 'Yarku Ummi na goye a bayanta tana tsala kuka, ko jijjiga ta ta kasa yi.

Na ce, "Ke Zulai, mene ne?"

Ta ce, "Ba komai, Inna. Ƙwarnafi ne."

Na ce, "Ƙwarnafin ne ya kai ki bango? Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun bayan na yi arba'in. Yana zuwa ne yana tafiya. Malam yana ba ni jiƙo, kuma ina samun sauƙi."

Ban buƙaci ta nuna mini jiƙon ba. Ina shiga ɗakinta warin ya tare ni: saiwar rawaya, filasko, tsamiya, da ɗan zuma don a yaudari harshe. Da na rufe ido ma zan gane shi. Jiya kuma ina kallo daga ƙofa kana haɗa kaya, abin da ka fara ɗauka, tun kafin tufafinka, shi ne gafakar tsohon littafin ɗibbun nan na gidanku, na magunguna. Ka shafa ta, ka naɗe ta a sabon rawani. Raina ya ɓaci ƙwarai, na koma ɗaki na zauna.

Kada ka ce tsohuwa ta raina littafin da ba ta san abin da ke cikinsa ba. Ni ma 'yar malamai ce. Shekaru na yi ina tankaɗe a bayan zauren nan Malam Babba yana karanta wa manyan ɗalibai shi yana fassarawa, har babin maɗaciya ya zauna mini a ka. Na san bayanin da magabata suka yi, cewa jiki ruwa huɗu ke riƙe da shi: jini, da majina, da baƙin ruwa, da ruwan ɗorawa mai ɗaci da suke kira safra'u. Na san sun ce ma'ajiyar safra'u ita ce maɗaciya, 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda muke lallaɓawa mu yanke in muna gyaran kayan cikin rago don kada ta fashe ta ɓata nama. Sun siffanta ciwon yadda ko ni da na sha shi ba zan fi su ba. Sun ce yana kama ƙasan haƙarƙarin dama ya harba kafaɗa, yana tasowa bayan cin maiƙo. Sun ce in hanyar da ruwan ke bi ta toshe, ido zai yi rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayi, bayan gida ya yi fari. Duk gaskiya suka faɗa, Allah ya ji ƙansu.

Abin da nake magana a kansa ba nasu ba ne. A gefen shafin, daidai inda aka kawo magani, akwai kalma ɗaya da tawada mai duhu: mujarrab, wato an gwada an ga amfaninsa. Ka san hannun, na mahaifinka ne, kuma na san don shi kake ba matarka jiƙon nan hankali kwance. To, a kaina aka gwada. Bari ka ji yadda gwajin ya kasance.

Shekarar da aka ba mu jiha ne, Dutse ta cika da baƙin ma'aikata, kai kuma kana Haɗeja wajen karatu. Da Babbar Sallah tun da hantsi muke suyar nama, na ci ban yi wa kaina ƙwauro ba. Kafin azahar ciwon ya kama ni. Na haihu sau da yawa, amma ban taɓa jin irin wannan ba, har na ciji gefen katifa. Mahaifinka ya ruɗe, ya je ya gaya wa Malam Babba. Aka buɗe littafi. Itatuwan da aka ambata a ciki rabinsu na wasu ƙasashe ne, ba mu taɓa ganinsu ba, sai Malam Babba ya ce wannan kamar rawaya ne a wajenmu, wancan kuma filasko zai tsaya a madadinsa. Aka jiƙa aka ba ni. Na yi ta zaryar bayan gida har ƙafafuna suka daina ɗaukata. Can bayan la'asar ciwon ya sake ni. Daga baya ne na gane haka ɗabi'arsa take, in ya murɗe ka ya gaji yakan saki da kansa, ko ka sha magani ko ba ka sha ba.

Washegari da hantsi gida cike da baƙin Sallah, na hango kakarka da tsintsiya a hannu tana sharar tsakar gida. Yaya za a yi surukata tana shara ni ina kwance? Na lallaɓa na tashi, jiri na ɗibata, na karɓi tsintsiyar, na gama, na ɗauki taɓarya. Malam Babba yana zaure ya ji sautin daka. Ina jinsa ya ce wa mahaifinka, "Wa ke daka a ciki?"

Ya ce, "Ita ce, Malam."

Ya ce, "Ita da jiya take birgima? Alhamdu lillahi. Ɗauko alƙalami."

Shi ke nan gwajin. Ba wanda ya leƙo ya tambaye ni yaya jiki ya kwana. Kuskurena a nan shi ne tashin da na yi, kuma da za a mai da ni ranar nan da kunyar nan a kaina, ina jin da na sake tashi. Don haka ka sani, ganin mace a tsaye ba shi ne ta warke ba. Matan gidajen malamai da ciwo muke daka, da ciwo muke tuƙa tuwon ɗalibai, a yaba mana a ce wance akwai dauriya. In za ka tambayi matarka jikinta, ka tambaye ta ku biyu, ka zauna, kada ka tambaya kana tsaye da takalmi a ƙafa. In ta ce da sauƙi, ka sake tambaya. Zulai ba za ta taɓa buɗe baki ta ce maganin gidanku bai yi ba, kamar yadda ni ma ban taɓa faɗa ba.

Daga ranar da aka rubuta kalmar nan, ciwona ya daina zama ciwo, ya koma laifina. In ya dawo sai a ce ai magani tabbatacce ne, sai dai in na ci abu mai zafin ɗabi'a, ko ban sha shi da sanyin safiya ba, ko na rage. Sai a ƙara yawan filasko. Da na ga haka sai na daina faɗa. In ya taso na shige ɗaki na tura ƙyaure, na durƙusa na kifa kai a bakin gado har ya wuce. Na bar man shanu, na bar ƙosai, na bar duk abin da ke sa tuwo daɗi, ana ce mini mai tsirfa. Shekaru muka yi a haka.

Wata rana ya kama ni a tsakar gida gaban mutane, babu damar ɓoyewa. A lokacin ina da ciki, ya fara motsi, amma ban gaya wa kowa ba. Da ɗa saurayi kamarka, ina zan kai kunyar cewa ina da ciki? Aka kawo ƙwaryar jiƙo mai kauri, kakarka na tsaye a kaina don ta ga na shanye. Na kalli ƙwaryar, na kalli fuskarta, kalmomi uku kawai nake buƙatar faɗa, bakina ya ƙi buɗuwa. Na shanye. Kafin a yi kwana biyu cikin ya zube. Ungozoma ta ce mace ce. Mata suka shigo suna "Allah ya ba da rayayye," ba wadda ta haɗa ɓarin da ƙwaryar, sai ni da na san abin da na ji a marata. Ba zan ce na san gaibu ba, rai da ajali na Allah ne. Amma har yau in na ga sa'o'inta suna wucewa Islamiyya da hijabansu, sai na kau da kai. Ban ƙara samun wani cikin ba.

Littafi ba ya ganin wanda ke gabansa. Bai san mai ciki ba, bai san mai goyo ba, sai in mai karanta shi ya tambaya. Zulai tana shayarwa. Gudawar da Ummi ke yi kwanan nan, da kuka ce haƙori ne, ka zauna ka yi tunani ko me uwarta ke sha kullum safiya.

Sai shekarar da abin ya kai maƙura. Ciwon ya zo ya ƙi tafiya, zazzaɓi ya rufe ni da rawar ɗari, idona ya koma kamar an zuba kurkur, jikina ko'ina ƙaiƙayi. Kowa ya leƙo sai ya ce shawara ce. Ka kuma san abin da ake faɗa a garin nan: mai shawara ba a kai shi asibiti, allura ɗaya ce za ta aika shi lahira. Wannan maganar babu ta a littafin, na rantse ban taɓa jin Malam Babba ya karanto ta ba. Maganar tsakar gida ce da bakin rijiya, amma duk mun riƙe ta kamar karatu, ni ma har cikin zuciyata. Aka kira wanzami ya yi mini ƙaho. Da bai yi ba aka koma ga abin da littafin ke kira kayyu, aka sa ƙarfe a wuta aka ɗora mini a ƙasan haƙarƙari. Tabon yana nan, in na mutu masu wanka za su gani.

Ana cikin haka kawunka Haladu ya zo daga Jahun, ya kawo hatsi garin nan ya biyo gaishe ni. Yana ɗaga labule ya gan ni, sai ya yi salati ya fita. Ina jin muryarsa a zaure, ka san shi ba ya iya magana a hankali.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ba malami ba ne, buhu nake aunawa. Amma yarinyar nan tafiya take yi. A ba ni ita in kai ta asibiti."

Malam Babba ya ce, "Haladu, muna kan magani. Kuma an gwada shi a kanta a baya ya yi."

Ya ce, "To, Allah gafarta Malam, in ya yi, me ya kwantar da ita?"

Can sai na ji muryar mahaifinka, ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Malam, a yi mini izini." Shi da bai taɓa musa wa mahaifinsa ko a kan gishirin miya ba. Malam Babba ya ce, "Matarka ce."

Ka san wa ya ƙi? Ni. Da suka zo ɗaukata na ƙanƙame ƙyaure ina kuka, ina cewa a bar ni in mutu a ɗakina, kada a kai ni inda za a soke ni. Mahaifinka ne ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin gemunsa, ya ɗauke ni cak gaban uwarsa ya sa a mota. Wannan kaɗai ya isa in yi ta yi masa addu'a har in koma ga Allah. Na faɗa maka wannan ne don ka sani, in ka ce wa Zulai ku je asibiti, za ta iya cewa a'a, ta ce ta ji sauƙi, ta ce tsoro take ji. Kada ka ce ai ita ta ƙi, ka ɗauka ka fita haƙƙinta. Mai ciwo da tsoro ba shi ake bar wa hukunci ba.

A asibitin garin nan da ma'aikaciyar ta nufo ni da allura, na rufe ido na yi kalmar shahada da ƙarfi. Ta ce, "Baba, ki ajiye ta tukuna, za ki buƙace ta wata rana, amma ba yau ba." Ta soka, na kwanta ina jiran mala'ika. Ban ga kowa ba sai kawunka yana cin gyaɗa a bakin taga. Suka ɗaura mini ruwa, zazzaɓin ya sauka, suka ce abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu, sai Kano. A can aka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki aka ɗauki hoto, aka ce duwatsu ne a maɗaciya, ɗaya ya sauko ya toshe hanya. Toshewar nan dai da magabata suka faɗa. Aka yi mini aiki aka cire jakar gaba ɗaya. Da na farfaɗo aka miƙo mini 'yar kwalba, ga su nan a ciki kamar ƙwallon magarya, wasu kamar tsakuwa. Na juya su ina kallo, na ce ashe waɗannan ake ta aika wa tsamiya da filasko shekara da shekaru.

Da na dawo gida na yi wautar da ta fi ci mini rai. Mutane na ta zuwa dubiya, kowa na son ganin kwalbar. Na ga Malam Babba ya tsufa a 'yan kwanakin nan, ya daina haɗa ido da ni, na ga kamar duk wanda na nuna wa kwalbar na tona wa gidan asiri ne. Sai na jefa ta a masai. Kafin wata ya zagayo labari ya sauya a unguwa, ana cewa ai jiƙon Malam ne ya tattaro duwatsun wuri ɗaya, likita ɗebewa kawai ya yi. Ina ji ina murmushi. Kai ma da ka dawo hutu abin da aka gaya maka ke nan, kana kuma da hujjar yarda, tun da uwarka ba ta musa ba.

Bayan rasuwar Malam Babba na taɓa ce wa mahaifinka, "Malam, rubutun nan na gefen shafi fa?" Ya gane nan take. Ya ce, "Zan gyara, in sha Allahu." Na ga ya ɗauko littafin har da reza, ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya mayar. Hannunsa bai iya kankare abin da mahaifinsa ya sa shi ya rubuta ba. Ni kuma ban sake tuna masa ba har ya bar duniya. Na kare mutuncin mutum biyu da suke kabari yanzu, ga shi 'yar mutane ce za ta biya. In ka ga kuskure a abin da ka gada, ka gyara shi da ranka, kada ka bar wa ɗanka ya tarar da shi da hannunka a jiki.

Na san zamanin da muke ciki. Tun da aka ƙaddamar da shari'a mutane sun dawo wa addini, na kuma yi murna kamar kowa. Amma ina gani, duk wanda ya samu tsohuwar takarda da Larabci a jiki ya zama likita. Ranar kasuwa motoci da lasifika, kowa na rantsuwa nasa ne na asali. Na kuma ji abin da mutanen Garki suka ce da suka zo neman ka, karatun yara sau ɗaya suka ambata, littafin kakanka sau nawa? Za su yi layi a ƙofarka, za su kira ka da sunaye masu daɗi, kai kuma yaro ne, za ka ji daɗi. Ka tuna littafin nan ba wahayi ba ne. Mutane ne irinmu suka rubuta shi, masu ilimi da tsoron Allah, suka faɗi iyakar abin da idonsu ya gani. Ka koma ƙarshen babin ka karanta da kanka. Da mai littafin ya zo kan toshewa mai haɗe da zazzaɓi bai cika baki ba, ya nuna abu ne mai wuyar magani, ya mai da sani ga Allah. Shi da ya rubuta ya san inda hannunsa ya tsaya, mu ne muka ƙara masa abin da bai ce ba. Da a zamaninsa akwai abin da ke leƙa cikin mutum ba tare da an tsaga shi ba, ina da yaƙinin da shi zai riga kowa zuwa.

Ban ce ka ƙona shi ba, ban ce ka bar shi a nan ba. Gadonka ne, ka tafi da abinka. Abin da za ka yi da gefen shafin kuma tsakaninka da Allah.

Ga abin da nake so. Yau da safe na kira Zulai tsakar gida inda rana take, na ce ta kalli sama, na ja fatar idonta. Farin ya fara juyawa. Kaɗan ne, in a ɗaki ne ba za ka lura ba, amma ni na san launin nan. Motar da za ta kai ku gobe ta Jahun za ta bi. Na aika wa kawunka Haladu, ya tsufa amma zai jira ku a tasha. Ku sauka, kayan su wuce, ka kai ta asibiti a duba ta. In sun ce Kano, ku tafi Kano. In sun ce aiki, ka sa hannu. Ummi a kawo mini ita, zan riƙe. Mutanen Garki sun yi shekaru ba malami, ba za su mutu don sun ƙara mako biyu ba. Jiƙon kuwa na riga na zubar da na ɗakinta, kada a sake haɗa wani.

Tun da na haife ka ban taɓa ce maka yi ko bari ba, wasu ne suka yi ta faɗa maka, kuma ka bi su. Yau ni ma zan faɗa sau ɗaya. In motar nan ta wuce Jahun da Zulai a ciki ba ku tsaya ba, ban yafe maka nonon da ka sha ba.

Na san nauyin abin da na rubuta. Allah ya sa kada ya hau kanka, don in ya kama ka ni zan fi kowa kuka. Allah ya ba Zulai lafiya, ya raya Ummi a gaban uwarta. Allah ya ji ƙan mahaifinka da kakanninka, ya yafe musu, ya yafe mana. Allah ya kiyaye hanya, ya kai ku lafiya, ya sa ka fi mu.

Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyarka.